Injin tace ƙazamin ruwa a bakin Gulbin Maradi: me zai iske na ƙasa da gari?

Tambaya: "Malam, ni mai garka ne a fadamar Gulbin Maradi, ƙasa da wani ƙaramin gari. Mun ji ana maganar wani tallafi da zai kawo wa garin injin tace ƙazamin ruwa irin na ƙasashen Turai, a tace ruwan wanka da na ban ɗaki sannan a sako shi cikin gulbi. Wasu na ta murna, wai ruwan da zai fito har sha ana iya yi. Mu da ke ƙasa, da rijiyoyinmu da garkunanmu, gyara za mu gani ko ɓarna?"

Alhaji, sannu da aiki. Kana da hakkin yin wannan tambaya fiye da masu murnar, tunda kai ruwan zai iske. Injin kirki da ake kula da shi yana gyara ruwan da ke gangarowa, wannan babu gardama. Sai dai ruwan ba na sha ba ne, kuma a gari irin wanda ka kwatanta ni ba injin zan fara nema ba. Dalilina na farko halin gulbin ne kansa.

Waɗanda suka ƙera irin waɗannan injuna garuruwan bakin kogi mai gudu rani da damina suka duba. Lissafinsu shi ne in an tace ruwa an sake shi, kogin zai surka shi ninkin ba ninkin, ragowar dattin ta ƙare a hanya. Gulbin Maradi kuwa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Jibiya inda aka yi masa madatsa tun ƙarshen shekarun 1980, ya shigo ta wajen Madarunfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Watannin damina kaɗai yake gudu, sauran shekara yashi ne fetal. Abin da injin ya saki a watan Maris ba zai tarar da ruwan da zai surka shi ba. Yadda ya fito haka zai kwanta bisa yashi, ya nutse, ya cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke nan kusa a fadama, wanda kuke ja da guga ko da ɗan injin ban ruwa. Rijiyarka ce za ta fara karɓarsa.

Bari in faɗa maka aikin da injin ke yi, don ka san abin tambaya ranar da aka kira taro. Da farko akwai ragar ƙarfe mai tare leda da tsumma, da ramin da yashi ke kwantawa, da wani kwarami da datti mai nauyi ke zama ƙasa. Kada ka raina wannan sashe a garuruwanmu. Da toka da yashi ake wanke tukunya, iskar hunturu na cika kowace magudana da ƙura, leda kuwa ba a magana, kuma in ba a kwashe su kullum da shebur da baro ba, su ke fara kashe famfunan tura ruwa. Daga nan sai babban aikin: a tara ruwan a kwaramin siminti, a yi ta hura masa iska dare da rana, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su cinye dattin da ya narke, su dunƙule su zama laka, a kwantar da lakar, a mai da wani sashenta baya ta ci gaba da ci. Tun 1914 aka gano wannan dabara a Manchesta ta Ingila, kuma har gobe ita ce ginshiƙin yawancin manyan tashoshin duniya. Tana cire kusan kashi 90 cikin 100 na dattin da ke ruɓewa.

Abin da ake kira na zamani shi ne ƙarin da ke biyo bayan wannan. Ana cire naitirojin da fosfaras, ana bi da ruwan ta matata mai ƙofofin da ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, ana kashe ƙwayoyin cuta da kulorin ko da hasken wata fitila ta musamman. Suwizalan ma tun 2016 ta wajabta wa kusan 100 daga cikin tashoshinta ƙarin mataki na cire ragowar magungunan da mutane ke sha su fitar a fitsari, domin tacewar da aka saba ba ta kama su.

To, me ya sa Turawa ke kashe kuɗi wajen cire naitirojin da fosfaras? Tafkunansu da kogunansu ne suka cika da gansakuka, kifi ya yi ta mutuwa don rashin iska. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta ce garin da ke da mutum 10,000 zuwa 100,000, in yana zuba ruwa a wuri mai saurin lalacewa, kada naitirojin ya wuce miligiram 15 a lita, fosfaras kuma kada ya wuce 2. Su ne dai sinadaran da kake biyan kuɗi ka saya cikin buhun takin zamani. A ƙona wutar lantarki, a sayi alam, don a fitar da taki daga ruwan da garka zai je, ni ban ga hikimar ba. Inda zan canza magana shi ne in ruwan zai gangara tafkin Madarunfa ko wani ruwa mai tsayuwa da masunta ke ci a cikinsa. Can kam dole a cire.

Abin da ya kamata ya hana ka barci ƙwayoyin cuta ne. Danyen ruwan ban ɗaki yakan ɗauki ƙwayar E. coli, wadda da ita ake gane kashi ya shiga ruwa, wajen miliyan 10 a cikin mililita 100, wato ƙasa da rabin kofi. Injin hura iska in ya yi ƙoƙari ya cire kashi 99 cikin 100. A kunne kamar an gama, amma yi lissafi: saura 100,000. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 don ban ruwan kayan lambun da ake ci ɗanye shi ne kada su wuce 1,000 a mililita 100, kuma ƙwan tsutsar ciki kada ya wuce ɗaya a lita. Ruwan sha kuwa ko guda ba a yarda a samu ba. Ke nan ruwa na iya fitowa garau, ba wari, alhali ya ninka abin da ya halatta ga salati sau ɗari. Duk injin da ba shi da matakin kashe ƙwayoyin cuta mai aiki kowace rana bai amsa tambayarka ba. Mu da muka ga kwalarar 2018, wadda ta faro daga gundumar Madarunfa ta kama mutum fiye da 3,000, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Akwai wani tarko kuma da ba kasafai masu sayar da inji ke ambata ba. Naitirojin da ke cikin fitsari yana shiga tasha ne a matsayin amoniya, ita kuwa ƙasa mai laka tana riƙe ta gwargwado. In aka hura mata iska sai ta koma naitiret, shi kuma ba abin da ke tare shi a yashi, duk inda ruwa ya bi zai bi. Tashar da aka gina da kyau tana da wani sashe marar iska inda ƙwayoyin ke mai da naitiret ɗin iska ya tashi sama. In babu wannan sashe, ko yana nan amma ba a iya tafiyar da shi ba, an sauƙaƙa wa naitirojin hanyar zuwa rijiya ke nan. Ruwan da ya fito da miligiram 40 na naitirojin a lita, in ya juye duka, ya zama naitiret kusan 177, alhali iyakar ruwan sha 50 ce. Babba ba zai ji komai ba. Jaririn da ake dama wa madara da wannan ruwa shi ke cikin haɗari, domin naitiret na hana jininsa ɗaukar iska har leɓɓansa su canza launi. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi tunda ruwan ne ke ƙonewa.

Sai maganar wuta. Injin nan kiwo ne, Alhaji. Ƙwayoyin da ke cinye dattin masu rai ne, suna son iska da abinci a kan kari, in wuta ta ɗauke ta daɗe sai su fara mutuwa, kuma in garken ya mutu sai an yi makonni kafin wani ya taso. A tsakanin nan kusan ɗanyen ruwa ne ke fita ta bututun, wuri guda, kai tsaye cikin gulbi. Kowace lita 1,000 tana cin wuta tsakanin kilowat-awa 0.3 da 0.6, mai matata kuma ya fi haka nesa. Kowa a jihar nan ya san daga ina yawancin wutarmu ke zuwa, ya kuma tuna halin da aka shiga a watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse layi. Mai ba da tallafi gini yake biya. Kuɗin wuta da gazuwal da kulorin da albashin ma'aikaci da kayan gyaran da sai an yi odarsu daga waje, waɗannan a wuyan ma'aikatar magajin gari suke faɗawa, shekara bayan shekara.

In har an gina, ga gwajin da kai ma za ka iya yi ba tare da ɗakin bincike ba. Ka roƙi ma'aikacin ya ɗebo lita ɗaya daga kwaramin da ake hura wa iska, a zuba a kwalba mai haske, ku ajiye ta rabin awa. Laka mai lafiya ruwan ƙasa ce, tana ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, tana sauka ta taru a gindin kwalbar ta bar ruwa mai haske a sama. In ka ga ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ta ƙi sauka ta tsaya tana yawo har wuya, to abin da ke gangaro muku ba tatacce ba ne, ko me takardar ofis ta ce.

Tun kafin a kai ga wannan ma, ka tambaya ta ina ruwan zai iso injin. Ƙananan garuruwanmu ba su da bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ruwan gida-gida. Salga ce a kowane gida, ruwan wanka da na wanke-wanke kuma ya bi rariya ya fita titi ko ya faɗa ramin bayan katanga. Shimfiɗa bututu a gari duka yakan fi tashar kanta tsada, kuma bututu na son ruwa mai yawa da zai tura datti. Baturen da ke kashe lita 120 zuwa 150 a rana bututunsa ba ya toshewa. Gidan da ke sayen ruwa wajen ɗan garuwa, kowane mutum lita 30 ko ƙasa da haka, ruwansa kaɗan ne amma kaurin dattinsa ya ninka na can sau uku ko huɗu, injin da aka auna da ruwan Turai kuma sai ya shaƙe. Ainihin ƙazantar garin tana cikin salga, kuma hanyarta zuwa gare ku ita ce ranar yasa: mota ko amalanke ta kwasa, a juye a kududdufi ko gefen gulbi, ruwan farko na damina ya wanko muku shi gaba ɗaya. Wurin juye wannan laka, mai gadajen shanya na tsakuwa da yashi, inda za a zuba ta kaurin taƙi ɗaya ta bushe cikin mako biyu zuwa uku, zai rage muku cuta fiye da inji mai tsada da ba a haɗa shi da gidan kowa ba. Busasshiyar lakar taki ce, amma a jibge ta shekara guda tukuna, domin ƙwan tsutsar ciki na da taurin rai.

Ga ruwan da aka samu aka tara kuwa, abin da nake ba da shawara tafkunan tacewa ne, jere uku ko huɗu, ruwa na gangarawa daga wannan zuwa wancan da kansa. Na farko mai zurfi ne, mita 3 zuwa 4, datti na kwantawa ya ruɓe, kuma da zafinmu yana cire fiye da rabin dattin cikin ƴan kwanaki. Na biyu mai faɗi ne, zurfin mita ɗaya da rabi, gansakuka ke ba shi iska a madadin injin hurawa. Na ƙarshe ba su wuce mita ɗaya ba, rana na ratsa su tana kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsa kuma nauyinsa ke kai shi ƙasa. Ruwa ya yi mako uku zuwa huɗu a wannan tafiya, yakan cika ma'aunin ban ruwa ba tare da wuta ko kulorin ba. Rana da zafin da muke kuka da su su ne ma'aikatan. Wagadugu ma irin wannan ta gina a Kosodo tun 2004.

Ba zan ɓoye maka aibinsu ba. Fili suke ci. Mu ɗauka gari ne mai mutum 20,000, kowa na fitar da lita 30, wato lita 600,000 a rana: sai an nemi hekta 3 zuwa 4 har da ganuwa da hanya, kuma ka san rigimar fili a ƙasar Maradi. Rana tana shan nata rabo, domin a bazara fuskar ruwa mai hekta biyu da rabi na iya asarar lita 200,000 a yini, gishirin da ke ciki kuma ya ƙaru a ragowar. Ƙasarmu ta jigawa ba ta riƙe ruwa, saboda haka dole a daɓe gindin da laka mai kyau ko a shimfiɗa roba mai kauri, in ba haka ba an haƙa wa rijiyoyi babbar salga ne kawai. Kada a gina su inda ambaliya ke kaiwa. Tsohon garin Maradi a kwari yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu. Tafkin farko yana wari wani lokaci, kuma da yake iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, a kauce wa wannan layi, a ajiye su can gefe nesa da gidaje. Ciyawar baki in aka bar ta sauro ya samu gida. Lafiyarsu a launi ake gani: kore shar alama ce ta alheri, in ya koma toka-toka ko ja-ja, an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa.

Akwai ruwan da bai kamata ya shiga ko inji ko tafki ba sai an fara gyara shi a inda ya fito. Jinin mahauta da tumbi suna da nauyin da zai danne tashar ƙaramin gari, a tare su tun can. Majema da ke jima da bagaruwa matsalarsu toka ce da wari, amma mai jimar zamani da kuromiyom ƙarfe mai guba yake saki, wanda ba ya ruɓewa, yana taruwa a laka da ƙasar noma. Wanda ya san kogin Chalawa a Kano ya san ƙarshen wannan. Haka marina masu amfani da soda. A Kosodo da na ambata, ruwan masana'antu mai soda ya sa ƙasar wasu filayen da aka yi ban ruwa da shi ta yi kanwa ta daskare, duk da cewa an tace shi. Ruwan asibiti shi ma nasa daban. Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta ɗora nauyin gyara a kan mai gurɓatawa, kuna da abin kafa hujja.

Batun sha kuwa, gaskiya ne ana yi a duniya. Birnin Windhuk na Namibiya tun 1968 yake mai da ƙazamin ruwa na sha, amma da matakai da yawa a jere da ɗakin bincike mai awo ba dare ba rana. Ba irinsa ake kawo wa ƙaramin gari ba. Hasken ruwa kuma ba shaida ba ne. Mutanen Tibiri ba su manta da ruwan foraj mai yawan fulorayid da ya lanƙwasa ƙasusuwan yara ba, wanda aka yi shekaru ana sha tun daga tsakiyar shekarun 1980. Wannan daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya fito, ba daga ƙazanta ba, kuma garau yake a kofi.

Da ni ne a taron, zan ce kada a saki ruwan cikin gulbi da rani ko kaɗan. A ja shi ta kwalbati zuwa fili a shayar da itatuwa, da ciyawar dabbobi, da masara, da zogale tunda dafa shi ake yi, saiwoyi su shanye takin kafin ya nutse. Mutanen jihar nan ba baƙin wannan tunani ba ne: a Agye an yi aikin mai da fitsari taki, wanda ake kira takin ruwa, matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya kuma sun gwada wanda suke kira Oga, fitsarin da aka rufe a bido wata biyu zuwa uku, suka ga ƙarin kusan kashi 30 cikin 100 a hatsi. Wanda ya dage sai salati da shu, ya bi da ruwan ta kwari ya sha daga gindi maimakon yayyafa wa ganye, ya tsai da ban ruwa kwana biyu zuwa uku kafin cira, ya sa takalmin roba, kuma kada a wanke kayan kasuwa a ruwan da aka shayar da su.

Ku masu garka kuma ku haɗa kai ku nemi a auna rijiyoyinku tun kafin a aza tubali, domin in ba ku da awon farko, ranar da ruwa ya ɓaci za a ce muku da ma haka yake. A zaɓi rijiya ɗaya sama da gari, uku ko huɗu ƙasa da shi a nisa daban-daban, a auna E. coli da naitiret da gishiri, sau ɗaya a tsakiyar rani, sau ɗaya bayan ruwan farko. Ofishin kula da ruwa da tsabta na jiha shi ne wurin fara ƙwanƙwasawa, kuna iya tuntuɓar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ma ko ɗalibai za su ɗauki aikin. A rubuta cikin yarjejeniya wanda zai biya kuɗin tafiyar da tashar bayan masu tallafi sun tafi, da inda ruwan zai nufa ranar da wuta ta ɗauke, da inda za a kai lakar. Kwafi ɗaya ya zauna a hannun shugaban ƙungiyarku, ɗaya wajen mai gari.